Kifi Mai Baƙar Fuska

A rumfar auna kifi ta garin El Cuyo ne Wilberth ya fara ganin Marisela. Ɗan manomi ne, watansa uku da fara nutso da mashi. Ya ɗora kamunsa a sikeli ya ce ga jan kifi, sai ta yi dariya.

"Boquinete ne wannan, ɗan gona. Dubi dogon bakinsa, ga dogayen ƙayoyi uku a gadon baya, ga baƙin ɗigo kusa da wutsiya."

Tun daga ranar kullum sai ya zo da tambaya. Ta koya masa cewa irin wannan kifin dukansu mata ake ƙyanƙyashe su. Wadda ta fi girma ke rikiɗa ta zama namiji, fuskar ta yi baƙi, ya riƙe garken. In aka kashe shi, sai an daɗe kafin wata ta maye gurbinsa.

Da Wilberth ya nemi aurenta, mahaifinta, Don Eleuterio, tsohon mai nutso, ya ce ba zai ba manomi 'yarsa ba, ga Gaspar mai jiragen ruwa uku yana nemanta. Da matarsa ta matsa, ya ce su biyun su nutsa ranar Asabar a dutsen ƙarƙashin ruwa inda shi tsohon yake kamu, ya ga abin da kowa zai kawo.

Wilberth ya tura mata saƙo: "Tauraruwata, numfashina bai kai na Gaspar ba. Ina tsoron rasa ki."

Ta amsa: "Ka dai dawo mini da rai, masoyi."

Ranar Asabar Gaspar ya fito da buhu cike, Wilberth da matsakaitan kifaye biyu. Gaspar ya shaida wa jama'a cewa babban boquinete ya tsaya a bakin mashin manomi, manomi ya sauke hannu, har ya kori kifin. Aka yi ta dariya.

Tsohon ya tambayi dalili.

"Shi kaɗai ne namiji a dutsen, Don Eleuterio. Na ƙirga mata tara a bayansa."



"Shekara huɗu ke nan ina wuce kifin nan, ban taɓa shi ba," in ji Don Eleuterio.

A watan Mayu aka ɗaura aure a cocin garin, aka ci baƙar miyar talotalo. Tsohon ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a. Kai kuma jibi ka zo in koya maka riƙe numfashi. Ban aurar da ita don ta yi takaba ba."