Ɗan Kwangilar Da Ya Jira Ruwan Sama

"Ni dai na faɗa maka, in ba Baba ne zai gina gidan nan ba, a bar filin ciyawa ta cinye shi."

Mijina ya ajiye kofin shayinsa ya zuba min ido.

"Rabin raina, Baba fa ko ƙofar gida sai da sanda yake kaiwa. So kike in ɗora shi kan katako ya hau bango?"

"To ka je ka faɗa masa da bakinka."

"Ke ce 'yarsa..."

"Kai kuma ka sayi filin."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na fi jin haushi. Shekara arba'in Baba yana gina wa mutane gidaje, mu muna zaman haya. Tun ina firamare yake ce min, "Auta, gidanki ni zan ɗora masa bulon farko." Sai bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi, alhamdulillahi, amma hannun damansa rawa yake yi, magana ma ya rage, sai ka yi masa goma ya mayar maka da ɗaya. Ranar da ya ji mun sayi fili, na same shi ya fito da cokalin gininsa da igiyar awo yana goge su da tsumma. Na shige ɗaki na sha kukana.

Ƙarshe dai ni na faɗa masa za mu nemi ɗan kwangila.

"Allah ya sa albarka," ya ce. Ya tura jakar kayan aikinsa ƙarƙashin gado.

Mijina ya dage a riƙa tafiya da Baba filin, ko zama ne ya yi a inuwa. Ɗan kwangila na farko ya zo da mota sai sheƙi take, ya nuna mana hotunan gidaje a waya har idona ya gaji. Takalminsa bai taɓa ƙasar filin ba, daga bakin titi ya ce, "Wata uku, Hajiya, ki kwaso kayanki."

Na biyu ya auna ko'ina yana amsa waya biyu. Da ya gama ya nuna Baba da baki ya tambayi mijina, "Wannan tsohon mai gadi ne?"

Wallahi saura kaɗan in cire takalmina. Tun daga ranar Baba ya ce ya yafe zuwa filin. Ni kuma na daina yi wa mijina dariya, gaisuwa ma a taƙaice. Shi ko a jikinsa, kullum sai yamma liƙis yake dawowa, wai taro a ofis.

Na uku a babur ya zo. Dogo ne, gemunsa ya fara furfura. Ya zagaye filin sau biyu, ya damƙi ƙasa ya murza, ya kaɗe hannu.

"Ba zan ce komai ba sai an yi ruwa."

"Ruwa kuma?" na ce.

"Ranar da aka yi ruwan sama ku same ni a nan."

A mota na harari mijina.

"Wannan kuma a ina ka tsinto shi?"

"Ki dai yi haƙuri, masoyiyata."

Da yamma na ba Baba labarin don in sa shi dariya. Bai yi ba. Ɗagowa ya yi a hankali.

"Cewa ya yi sai an yi ruwa?"

"Haka ya ce, Baba."

"Ranar ku tafi da ni."

Kwana huɗu bayan nan aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yana tsagaitawa muka tafi. Mun tarar da mutumin ya naɗe wando, ba takalmi, yana bin inda ruwa ya kwanta yana kafa tsinke. Baba bai jira a kama shi ba, da kansa ya buɗe mota ya dogara sanda ya tsaya yana kallo.

"Karkatacce," ya ce, "ka tsallake kusurwar can. Ta nan ruwan zai ci maka harsashi."

Mutumin ya watsar da tsinkayen. Ya taho da sauri ya durƙusa cikin taɓo a gaban Baba, ya kama hannun nan mai rawa da hannu biyu.

"Maigida... ashe zan sake ganinka."

Yaronsa ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyon gini a hannunsa, ya tafi tun ina ƙarama. Sunan Karkatacce ma Baba ne ya laƙaba masa, don bangonsa na farko sau uku ana rushewa. A wurin Baba ya koyi cewa ba a haƙa tushen gida sai an ga hanyar ruwa da ido.

Na juya wurin mijina. Wai shi sama yake kallo.

"Taron ofis ko?"

"Sati biyu ina bin masu buga bulo ina tambayar yaran Baba," ya ce. "Ba zan iya ba ki hannunsa ba, rabin raina. Na ce bari in nemo wanda ya bar wa aikin."

Kunya da son sa suka rufe ni lokaci guda. Ba don idon mutane ba da na faɗa jikinsa.

Ɗan kwangilar ya miƙe yana share ido.

"Zan karɓi aikin, amma da sharaɗi. Maigida ne zai ja igiya, shi zai ɗora bulon farko. Layin da bai duba ba, ba a ɗora wani a kansa."

Haka aka yi. Ranar bulon farko Baba ya riƙe cokalinsa, mijina ya tallafe masa wuyan hannu, suka shafa simintin tare.

Bayan sati uku na kai musu abincin rana, bango ya kai ƙugu. Tun daga bakin titi na jiyo muryar Baba ta cika filin.

"A rushe layin nan! Kai har yanzu ba ka daina ba?"

Ga ɗan kwangila da furfurarsa yana cire bulo yana dariya. Mijina ya dafe kai ya matso kusa da ni.

"Kin ga abin da na jawo mana ko? A haka sai mun tsufa a gidan haya."

Na ajiye kwanon na riƙe hannunsa, ina dariya hawaye na zuba.

"Bar shi ya rushe," na ce. "Shekara guda ban ji wannan muryar ba."