Kwamfutar da Baba Ya Raina

Auta na durƙushe a tsakar gida tana wanke kwanuka, Yaya Babba ya shigo yana dariya tun daga ƙofa, irin dariyar da yake yi in ya samo abin da zai ƙona mata rai. Ya tsaya a gaban Inna da Gwaggo, ya haɗa tafukan hannunsa kamar mai riƙe da sabulun wanka.

"Kun ga girmanta ke nan," in ji shi. "Kwamfutar da Injiniyan Auta ya zaɓo wa Baba. Wallahi aljihun rigata ya ishe ta."

Gwaggo ta riƙe haɓa. Ta ce ai da ma tun ranar da ta fara ganin yaron ta san hannunsa a dunƙule yake, kuma wanda ya kawo wa uban yarinya abu kamar akwatin ashana, to yarinyar ma da ɗan cokali zai riƙa auna mata abinci. Auta ta ci gaba da dirzar kwanon da ya riga ya fita fes, idonta ya ciko, amma ba ta ɗago ba.

Ga yadda abin ya faro. Baba yana da ɗan ofishin buga takardu a bakin titi, ɗaki guda da tebur ɗaya da benci, kuma Auta ce mai buga masa. Shekara goma sha ɗaya suna aiki da wata tsohuwar kwamfuta mai girman akwatin tafiya. Tana gurnani, tana gasa wa Auta ƙafafu a ƙarƙashin tebur, amma Baba na ji da ita. Kullum da safe sai ya ɗora mata hannu kafin ya zauna, don a ganinsa girmanta ne ke sa mutane su yarda su miƙo takardunsu. Da ta mutu, sai ya ce to ga dama ta samu: mai gyaran kwamfutan nan da ke neman auren Auta, wanda unguwa ke kira Injiniya, ya zaɓo musu sabuwa, a ga hankalinsa.

Injiniya bai yi wasa da aikin ba. Kwana uku yana zuwa ya zauna a benci yana yi wa Auta tambayoyi. Me take bugawa? Wasiƙu ne da takardun neman aiki da kundin ɗalibai. Fayil nawa take buɗewa a lokaci guda? Ramuka nawa take buƙata na firinta da filas? Har faɗin teburin ya auna da taƙin hannunsa, ya duba ɗan batirin da suke lallaɓawa in an ɗauke wuta. Rana ta huɗu ya zo da 'yar ƙaramar kwamfuta baƙa, ya ɗaure ta da kusoshi huɗu a bayan sikirin, wato allon da rubutu ke fitowa, ya haɗa ta da batirin. Ƙarƙashin teburin ya zama fili. Auta ta miƙe ƙafafunta a karon farko, ta ji kamar ta yi kuka don daɗi.

Sai Baba ya iso da amininsa tsohon Hedimasta, wanda ya gayyato musamman don ya ga sabon kaya. Baba ya leƙa ƙarƙashin tebur, wayam. Da aka juya masa sikirin ya ga abin, fuskarsa ta canza. Injiniya ya fara bayani a ladabce, cewa ba ta ƙara, ba ta zafi, ba ta cin wuta, kuma ta fi tsohuwar sauri nesa ba kusa ba. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Na tura ka ka nuna min hankalinka, ka nuna min matsayina a wurinka. A gaban aminina ka kawo min abin wasan yara. Je ka, na gode. Kuma maganar Auta, a bar ta."

Injiniya ya durƙusa ya ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba, ya ɗauki jakarsa ya fita. Wannan durƙuson shi ya fi komai ci wa Auta rai.

Washegari Yaya Babba, wanda iyakar saninsa da kwamfuta shi ne kallon ƙwallo, ya sauke wata jibgegiyar kwamfuta daga bayan babur, ta hannu, mai gilashi a gefe da fitilu ja da shuɗi suna zagayawa. Baba ya umarce shi ya cire ƙaramar ya jefa a kwali. Yaya ya nemi sukundireban da zai shiga kusoshin bai samu ba, ya ce a bar ta nan ta mutu a rataye. Ya tura jibgegiyar ƙarƙashin tebur, ya soka wayarta a soket ɗin bango, fitilu suka kama, fanka ta hau ruri. Auta ta taɓa kibod, sikirin ya kawo haske. Yaya ya karkaɗe hannu, ya ce an gama.

Kallo ɗaya Auta ta yi ta gane. Ga fayilolinta na jiya nan reras. Babu wayar da ta haɗa jibgegiyar da sikirin, ko da firinta, ko da komai. Ta buɗe baki ta ce, "Baba, ai wannan..."

"Kar in ƙara jin maganar yaron nan ko ta abinsa daga bakinki," in ji Baba. "Kin ji ni?"

Ta ce ta ji.

Mako shida aka yi a haka, kuma duk wanda ya san zafin a yaba wa wani da aikin wani zai san abin da Auta ta haɗiya. Kowace safiya Baba ya ɗora wa jibgegiyar hannu. Kowane baƙo sai an nuna masa fitilun, an ce ya dubi saurin aiki, ai babba babba ne. Yaya ya koma ana tuntuɓarsa a unguwa kan harkar kwamfuta, har da gyara tsayuwa. Ita kuwa ƙafafunta sun koma cikin gashi, a kan tulin ƙarfen da ba ya tsinana komai sai shan wuta. A gida Gwaggo ta buɗe sabon babi, kullum da sunan ɗan wane da ɗan wane da za ta kawo.

Sau ɗaya Auta ta kira Injiniya a waya cikin haushi. Ta ce gobe za ta fizge wayar jibgegiyar a gaban kowa, kowa ya ga ƙarya.

"Kar ki yi," in ji shi. "In kin kunyata Baba a gaban mutane, kin yi nasara a kan kwamfuta, ni kuma na rasa ki. Ita dai tana aiki?"

"Ko tari ba ta taɓa yi ba."

"To ki bar ta ta yi maganarta."

Ranar wata Laraba da hantsi, Hedimasta na zaune a benci yana jiran shafi na ƙarshe na littafin tarihin makarantarsa, shafi ɗari da ashirin da Auta ta yi wata guda tana bugawa daga rubutun hannunsa. Sai wari ya tashi, irin na roba in ta ƙone. Hayaƙi ya fara bulbulowa daga ƙarƙashin tebur. Auta ta ja da baya. Baba da kansa ya yi tsalle ya fizge wayar daga bango, fitilun suka mutu, fankar ta yi shiru.

Hedimasta ya dafe kai. "Shi ke nan. Aikin shekara bakwai."

Baba ya rasa inda zai sa idonsa, ya fara ba shi haƙuri. Can ya waiwaya, wayar na hannunsa har yanzu, ya ga sikirin a kunne. Ga rubutun nan, ko wasali bai goge ba. Ya dubi wayar, ya dubi jibgegiyar da ke ta hayaƙi, ya dubi 'yarsa.

Auta ta matso kusa da tebur. Ta danna, firinta ta fara fitar da takardu. Sannan ta sa hannu biyu ta juya sikirin a hankali. 'Yar baƙar kwamfutar na nan a maƙale, ɗan haskenta fari kamar ƙwayar shinkafa.

"Tun yaushe?" in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tun ranar farko, Baba."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Ka ce kar ka ƙara ji."

Hawayen da ta yi mako shida tana dannewa suka zubo. Yaya Babba, da ya leƙo don jin hayaniya, ya tuna yana da wani uzuri na gaggawa a ƙarshen layi.

Baba bai aika kowa ba. Da la'asar ya sa hularsa, ya taka da ƙafarsa har shagon Injiniya, ya same shi sunkuye a kan wata waya da ƙaramin sukundireba. Saurayin ya zabura zai durƙusa, Baba ya riƙe kafaɗarsa ya hana.

"Wancan karon kai ka durƙusa, alhali ni ne da laifi. Ka auna teburina, ka auna batirina, har zafin ƙafar 'yata ka auna, ni kuwa ban auna komai ba sai idon mutane. Ka turo manyanka."

Gwaggo, da labari ya iso gida, ta ce ita fa da ma tun farko ta ga nutsuwa a fuskar yaron. Inna ta dube ta kawai, Auta kuwa ta shige ɗaki don kar dariya ta kufce mata.

Masu karatu, da yawanmu haka muke zaɓen kaya, haka kuma muke zaɓen mutane: mai girma da fitilu da ƙara shi muke ɗora wa hannu, wanda ke ɗauke da aikin a ɓoye mu ce a jefa shi kwali. Da Auta ta biye wa zuciya, da ta sami gaskiya ta rasa uba ko miji. Ta yi haƙuri, ta samu duka.

Har yau in Baba ya buɗe ofis da safe, kafin ya zauna, sai ya zura hannu bayan sikirin ya ɗan shafa ta.