Mutum Biyu a Ƙofar Gidan Kwali

Fuska Shafa'atu ta yi wa mutum-mutumin, abin da ya ɓata komai ke nan.

Mahaifinta direba ne a ofishin jakadanci. Ita kuwa wuni take ita kaɗai a barandar gidansu a unguwar Ma'adi ta birnin Alƙahira, tana yanka kwali da soso, ta shafa gam, ta barbaɗa garin katako, sai ga tudu, sai ga ganuwa. Wasu Misirawa ke saye, su jera 'yan sojojin roba a kai suna wasan yaƙi bisa tebur.

Saurayinta Munir ɗalibin fiƙihu ne a unguwar Hay el-Sabi'. Duk Juma'a yakan zo ya taya ta fenti, amma da sharaɗi: dutse da bishiya zai yi, surar mai rai ba ya taɓawa.

Tare suka ƙera gidan da za su zauna a Gusau in sun yi aure, har da rumbu. Rannan ta sassaƙa mutum biyu ta tsayar a ƙofar, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Namijin har da tabon da ke girar Munir.

Ukasha, abokin ɗakin Munir, ya rako shi ya gani. Dama ya daɗe yana masa tallar ƙanwarsa. Ya ɗauki hoto ya tura wa mahaifin Munir, limamin unguwarsu.

Juma'ar da ta biyo, Munir bai zauna ba.

"Baba ya kira. Ya ce ba ya haɗa zuri'a da mai ƙera gumaka."

"Gumaka? Kai ne fa, habibi. Dubi kunnuwan."

Bai yi dariya ba.

"Akwai mafita. Malamai sun ce in an cire kan, hukuncinsa ya koma na bishiya. Ki yanke, in tura masa hoto, khalas, shi ke nan."

Ya miƙo mata reza.

Ta ɗauki macen ta fille kan nan take.

Ta ɗauki namijin...

"Yalla, yi sauri, Shafa."

"Kwana tara na yi a kan fuskar nan."

"Katako ne fa."

"To kai ka yanke."

"Kin san ba na taɓawa."

"Ni ma hannuna ya ƙi, Munir."

Ya tsaya yana jira, rezar na hannunta, har aka kira la'asar. Ya ce ma'alish, ta yi haƙuri, ya sauka.

A ƙarshen 2013 ya kammala karatu ya koma gida. Ƙanwar Ukasha ya aura.

Har yanzu Shafa'atu tana barandar tana ƙera tuddai, ranar Juma'a ma ita ke fentinta. Masu saye sun sha nuna gidan, ta ce ba na sayarwa ba ne.

Gidan yana nan ajiye bisa wata kanta. Namijin tsaye a ƙofa da fuskarsa lafiya lau, macen a gefensa ba kai.