Numfashin da Aka Yanke

Ranar da ya fara ganinta, a makare ta shigo taron manema labarai, tana haki tana ture kujeru. Ta dire rakodarta a gabansa, ta danna, ta sake dannawa. Shiru. Batir ya mutu.

Shi kuwa sabon kakakin jam'iyya, da gumi ya riga ya jiƙa masa takarda, sai ya ɗauki rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki, ya zare batiran ya miƙa mata.

"Na gode," ta ce. "Tambaya ɗaya kawai."

Bakwai ta jero masa. Shi ya sa a gidan rediyonsu ake kiranta Tambaya Ɗaya. Tun daga ranar take yawo da rakoda biyu, shi kuma ya rasa sukuni.

"Tambaya Ɗaya, ina batirana?" ya rubuto mata.

"Kakaki, sai ka amsa ta bakwai ɗin."

"Amsar tana wurin Baba. Yaushe zan zo in gaishe shi, hasken idona?"

Baba kuwa, mahaifinta, shekara talatin ya yi yana haɗa sauti a rediyo kafin ya yi ritaya, ya ji bakin 'yan siyasa har ya ƙoshi. "Ba zan ba kakaki 'yata ba," ya ce. "Mutumin da aikinsa wanke laifin wasu, yaushe zai gaya miki gaskiya a gida?"

Ana cikin haka aka gano katan-katan na maganin asibiti a sito ɗin mataimakin shugaban jam'iyyar. Jam'iyya ta rikice. Ranar farko ta ce ƙarya ne, ta biyu ta ce sharrin 'yan adawa ne, ta uku ta umarci magoya baya su daina kama tashar da take aiki, wadda ta fasa labarin. Ita ma tashar ba ta Allah take yi ba. Mai ita surukin ɗan takarar ɗaya ɓangaren ne, don haka duk awa sai an maimaita labarin, alhali da nasu ya yi irin wannan abin kunya, shirin gaishe-gaishe aka saka.

Kakaki ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ba da sanin shugabansa ba ya kira ta ofis, ya ce ta kunna rakoda, ta kunna duka biyun. Ya ja dogon numfashi.

"Maganin na asibiti ne. Mun yi kuskure da muka musa, muna neman afuwar marasa lafiya. Amma shi mataimakin shugaba, ba jam'iyya ce ta aike shi ba."

Editanta, wanda ya taɓa cewa yana sonta amma ta ba shi haƙuri, ya karɓe rakodar yana murmushi. A labaran rana abin da duniya ta ji shi ne, "Ba jam'iyya ce ta aike shi ba." Shi ke nan.

Saƙo ya shigo wayarta: "Na ba ki zuciyata da aikina, kin sa almakashi. Na gode."

Kira tara ta yi, bai ɗauka ba.

Da yamma tana ta safa da marwa a falo, idanu jawur, aka maimaita labarin. Baba ya ɗaga hannu. "Tsaya min da sintirin nan." Ya kara kunne a rediyo, ya runtse ido.

"An yanke yaron nan," ya ce. "Ba mai fara magana bai ja numfashi ba, shi kuwa muryarsa daga tsakiya ta taso. Me ya faɗa kafin nan?"

Ta ciro rakoda ta biyu daga jaka. Sau biyu Baba ya saurara.

"Wa ya ba shi izinin faɗin haka?"

"Ba kowa, Baba."

"To ke me za ki yi da ita?"

Tsoro ya kama ta sosai, don tana son aikinta. Duk da haka washegari, a shirinta na kai tsaye, ta saka muryar daga numfashin farko har ƙarshe. Kafin ta fito daga situdiyo an buga takardar sallamarta. Kafin la'asar jam'iyya ma ta kori Kakaki, wai ya ba da haƙuri ba da yawunta ba.

Ya iso ƙofar gidansu kai a sunkuye. "Na zalunce ki, hasken idona. Ki yafe min."

"Tambaya ɗaya kawai," ta ce, tana share hawaye. "Da ka yi fushi, ka daina sona?"

"Ko na minti ɗaya."

Baba ya yi gyaran murya daga falo. "Ku shigo, marasa aikin yi. Na ce ba zan ba kakaki 'yata ba, kuma ban sauya magana ba. Sai dai na ji yanzu kai ba kakakin kowa ba ne."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ranar ta damƙa wa angonta batiransa guda biyu, sun daɗe da mutuwa, ya karɓa yana dariya har da ƙwalla.

Baba ya dafa kawunansu. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Abu ɗaya nake roƙo: in ɗayanku yana magana, ɗayan ya bar shi ya kai ƙarshe."