Goron Da Aka Hana Banshan

"Ba inda za ki je, Ibadahun!"

"Mei, don Allah... yau kaɗai! Ai ba aurensa zan yi ba, ya riga ya mutu!"

Haka ta faɗa wa mahaifiyarta, wadda a yarensu ake kira Mei. Iba ta figi mayafinta ta fice tana kuka.

Ita ce autar gidan, kuma a garinsu, Shillong, auta ba ta barin uwa, miji ne ke tarewa wurinta. Saurayinta Banshan ya yarda da hakan, wallahi ya yarda! Laifinsa ɗaya, makaɗin ganga ne a ƙungiyar kiɗan zamani na rok, ga gashi har kafaɗa. Ranar da ya zo gaisuwa, Mei ta dube shi sama da ƙasa, ta janye farantin goro gefenta. A garin da ko maƙiyi ake miƙa wa goro naɗe a ganye!

Shi kuwa murmushi ya yi, a bakin ƙofa ya raɗa wa Iba, "Bari damuwa, abar ƙaunata, wata rana da hannunta za ta ba ni."

Iba ko uffan ba ta ce wa uwarta ba. Shirun nan ne ke cinta tun ranar da motarsa ta faɗa kwazazzabo.

Da la'asar filin da ƙungiyar ta shirya wasan tunawa da shi ya cika maƙil, ana yayyafi. Jita na kuka, samari na tsalle, gangunan Banshan na tsakiyar dandamali babu mai taɓa su. Kyrshan, mawaƙin ƙungiyar, ya ɗaga hannu.

"Ɗan'uwanmu ya tafi cin goro a gidan Ubangiji, kamar yadda kakanninmu ke faɗa... Wannan waƙar ba ganga, tafinku ne gangar!"

Filin ya ɗauki tafi. Sai Iba ta ji an dafa kafaɗarta. Mei ce, ta toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Wannan hayaniyar ce sana'ar tasa?"

"Ita ce, Mei."

"Duk jama'ar nan... tasa ce?"

Iba ta gyaɗa kai. Tsohuwar ta kama hannunta ta kutsa gaba, tana ture ƙarti.

"Kai mai gashi, matsa!"

Mai gadin dandamali ya tare su. "Iya, ina zuwa? Ke wace ce?"

"Surukarsa ce!"

Kalmar ta soki zuciyar Iba. Mei ta hau da kyar, ta kwance bakin zanenta, ta ɗora goro naɗe a ganye a kan babbar gangar.

"Ubangiji ya ba ka a gidansa, ɗana... ni ce na hana ka a nawa."

Iba ta rungume ta tana shessheka. "Ya faɗa, Mei! Ya ce wata rana da hannunki za ki ba shi..."

"Haka ya ce?" in ji tsohuwar. "Wayyo ni, 'yata... da ma na ba shi lokacin da zai iya taunawa."