Kunnen Malam Mati

"Shekara uku, Adawiyya! Shekara uku ina sintiri tsakanin Matazu da Dayi!"

Mahadi ne ke magana a gindin darbejiyar da ke bayan gidan su Adawiyya. Ga taraktar da ya zo da ita nan tsaye, tana jan injin nan mai naɗe harawa ya fitar da ita dami-dami kamar manyan ganguna.

"Rage murya, Yaya Mahadi..."

"Wa zai ji? Baba?"

Maganar na fita ya yi nadama. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

Mahaifinta, Malam Mati, ya yi shekara talatin yana gyaran injinan noma. A shekarar da matarsa ta rasu zazzaɓi ya tafi da kunnuwansa, sai dai ya dubi bakin mutum ya gane magana. Ya ɓoye wa mutane, ya bar bakin titi ya dawo da aikinsa filin bayan gidansu. Idan aka kawo inji, ya kafa rodi a jikinsa, Adawiyya ta kara kunne a ɗaya bakin ta faɗa masa abin da ta ji. Ita kaɗai ce 'yarsa da ta rayu.

"Yi haƙuri, hasken idona," Mahadi ya ce. "Inna ce. Wata biyar ke nan ba ta tashi daga shimfiɗa ba, kuma ni kaɗai gare ta. Ta ce tana son ta ga matata kafin ta rufe ido. Kawunnaina sun ba ni wa'adi zuwa ƙarshen kakar nan in yi aure."

"In tafi in bar Baba da wa?"

"Mu tafi da shi!"

"Ka san amsarsa. Ya ce ba zai ci tuwo a gidan suruki ba."

Suna cikin haka Malam Mati ya fito da akwatin sifanoni. Ya daɗe yana duban fuskokinsu kafin ya amsa gaisuwar Mahadi.

"Me ya samu injin?" ya tambaya da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

Mahadi ya matso yadda zai ga bakinsa. "Ƙara da ƙauri yake yi, Baba. Jiya a wata gona a Danja har hayaƙi na gani a cikin harawa. Na ɗura masa giris ya yi shiru, can kuma ya dawo."

"Giris toshe baki ne kawai. Boris ne ya cinye. Idan ya yi zafi a cikin busasshiyar harawa, wuta ce, da kai da injin baki ɗaya. Tayar mu gani."

Injin ya tashi, rololinsa suka shiga juyawa. Adawiyya ta matso kamar kullum, sai Baba ya ɗaga mata hannu.

"Koma gefe, Uwata. Yau ni kaɗai zan yi."

Ya kafa rodin a gidan boris na farko, wato zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya da rola ke juyawa a kansa, ya sa ɗaya bakin tsakanin haƙoransa ya ciza.

"Baba!"

Bai ji ta ba. Ƙarfen yana kaɗa masa muƙamuƙi, idanunsa suna ruwa, amma haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Can ya tsaya a na ƙasa ta hannun dama, ya zare rodin. Akwai jini a gefen leɓensa, amma dariya yake yi.

"Ga shi nan! Kin gani, Uwata? Ashe haƙori ma yana ji. Ba na buƙatar kowa! Mahadi, ka turo manyanka ranar Juma'a."

Abin da Adawiyya ta yi shekara uku tana roƙon Allah ke nan.

Amma kunnenta ya ƙi yarda. Daga inda take tsaye tana jin ƙarar, gur-gur kamar ana niƙa tsakuwa, kuma daga sama ta hagu take fitowa. Abin da Baba ya ji a haƙorinsa kaɗawar sarƙa ce kawai.

Ta dubi Mahadi. Shi ma ya gane daga fuskarta. Ya kashe injin, ya juya wa Baba baya.

"Ki yi shiru, don girman Allah," ya ce. "Bar shi ya canza wanda ya nuna. Ina fita zan kai wa wani a Funtua ya duba."

"Yau kai ne, ka sani. Gobe fa, idan na tafi?"

"Adawiyya..."

"Wani zai kawo nasa, Baba ya ce ya gyaru, mutum ya shiga gona da yardarsa. Idan wuta ta ci ɗan mutane, da wane ido Baba zai fita masallaci?"

"Ni kuma fa? Ni ba abin tausayi ba ne?"

Ta taka zuwa wurin mahaifinta, ta kama hannunsa ta ɗora a kan gidan boris ɗin da ya zaɓa. Ɗumi kawai. Ta zagaya da shi hagu, ta ɗora a na sama.

Ya fizge hannun da sauri. Ya kama rolar ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas a mazauninta. Dariyar ta mutu a fuskarsa.

"Miƙo sifana," ya ce.

Su uku suka yi aikin. Suka sassauta sarƙa, suka kwance notuna, Baba ya buge tsohon boris da guduma. Ya yi baƙi ƙirin, 'ya'yansa suka zubo a tafin hannunta, wasu sun farfashe. Ya wanke wurin da kananzir, ya ɗora katako a kan sabon ya riƙa bugawa a hankali har ya zauna, sannan ya cika shi da giris.

Da aka sake tayarwa, Baba bai taɓa rodin ba. Ita ya miƙa wa. Ta kara kunne, ta gyaɗa masa kai.

"Na so in sake ki, Uwata," ya ce. "Wallahi na so..."

Ta raka Mahadi zuwa bakin tarakta.

"Ka gaishe da Inna. Ka samo mata mai haƙuri, wadda za ta iya jinya."

"Ke nake so."

"Na sani. Ka yafe min shekarun da na ci maka."

Ya goge ido da hula, ya hau.

Sai da ya sha kwana ta durƙushe a gindin darbejiyar, ta juya wa gida baya, ta saki kuka da duk ƙarfinta, tunda ta san babu mai ji.

Ba ta san Baba ya zo ba sai da ya ɗora tafin hannunsa a bayanta. Ya bar shi nan, yana jin yadda ƙirjinta ke girgiza, shi ma hawaye na bin gemunsa.