Tsumman da Nazmi ya manta

Ranar da abin ya fara, Lumnije tana soya kifi ne a cikin jirgin, rana ta faɗa bayan tsohuwar ganuwar garin Ulcinj, iskar hunturu kuma tana kaɗa igiyoyi a tashar. Jirgin ruwa ne na shaƙatawa, na wani Bature, mijinta Nazmi ke gadinsa. Da rufin gidansu ya rufta, mai jirgin ya ce su zauna a ciki har bazara. Su uku ne, da 'yarsu Blerta mai shekara goma sha huɗu.

Nazmi ya kunna injin ɗumama ɗaki, mai shan man dizal. Ba a jima ba suka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a jikin jirgin, kamar ana jifa da tsakuwa. Ya leƙa waje, babu kowa sai ruwa.

Da safe matashin kan Blerta ya wayi gari baƙi ƙirin. Baƙin ya bi bango ya hau silin a ɗan ɗakinta na baya, siri-siri kamar sawun yatsu. Lumnije ta goge, washegari ya dawo. Yarinyar ta fara ciwon kai da amai, ta daina cin abinci. Idan ta tafi makaranta sai ta warware, idan magariba ta yi sai jikinta ya saki.

Nazmi mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba a rayuwarsa, in dai shi za ka tambaya. Ya ce mura ce, ya ƙara toshe tagogi.

A rana ta biyar, ana kiran sallar magariba, Blerta ta zauna a kan gado, leɓɓanta jawur, idanunta a kafe. Ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Na shaƙe."

Kofi ya suɓuce daga hannun Lumnije. "Baban Blerta, in ba ka kira Hoja Idriz ba, wallahi ni zan tafi da ƙafata."

Hoja Idriz limamin unguwar sama ne, amma kafin ya ɗaura rawani ya yi shekara talatin a ɗakin injin manyan jirage. Ya shigo da bisimilla, ya tsaya ya ja numfashi sau biyu, fuskarsa ta canza.

"Kashe injin nan. Buɗe ƙofa da tagogi duka."

"Malam, sanyi zai kashe ta."

"Nazmi, ni ka kira ko kanka?"

Aka kashe injin, aka buɗe. Jifan ya tsaya cak, shirun da ya biyo baya ya fi jifan ban tsoro. Tsohon ya dangwali baƙin bangon ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya ce wannan ba na kicin ba ne, maiƙonsa na dizal ne. Ya bi sawun baƙin da fitila har inda ya fi kauri, ƙarƙashin gadon yarinyar. Sannan ya sa aka fito da ita bakin ƙofa, ya dafa kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi kafin ta yi wani irin gurnani.

"Wane ne kai?" in ji Hoja.

"Na riga su zama a nan."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ruwana da ita. Ƙofa ɗaya gare ni, ubanta ya cusa mini tsumma a ciki. Ta ina zan fita in ba ta ƙirjinta ba?"

"Ƙarya ne!" Nazmi ya daka tsawa.

"Ja ne," in ji muryar a hankali. "Rigar da ta sa ranar da ta fara tafiya."

Lumnije ta juyo ta dubi mijinta. Shi kuwa sai a lokacin ya tuna. Duk mai gadin jirgi a garin yana toshe bakin salansa, bututun da hayaƙin injin ke fita, da tsumma in kaka ta ƙare, don kada danshin gishiri ya ci ƙarfen. Shi kaɗai ya yi wannan aikin wata biyu da suka wuce, da abin da hannunsa ya fara kaiwa a buhun tsummoki, ya kuma manta.

"In an buɗe maka, za ka sake ta?" Hoja ya tambaya.

"In shi ya cire da hannunsa. In ya kuma kunna wuta kafin a gyara hanyata, da ita zan tafi."

Nazmi ya kwanta rub da ciki a gefen jirgin, ya miƙa hannu saitin ruwa, ya zura yatsu cikin bututun. Da ƙyar tsumman ya fito, wata baƙar ƙura ta biyo shi ta bi iska. A daidai lokacin Blerta ta yi tari mai ƙarfi, ta fashe da kuka da muryarta.

Hoja ya ɗaga katakon gadon ya nuna musu inda bututun ya tsage saboda matsi. Ya ce a kai ta asibiti yanzu, a gaya wa likita hayaƙi ta shaƙa.

A kan gadar tashar, Nazmi na ɗauke da 'yarsa, ya ce, "Malam, aljani ne ko hayaƙi?"

"Hayaƙin na gan shi da idona. Wanda ya gaya mata launin rigar ne ban gani ba."

Lumnije tana biye da su. Ta warware tsumman a ƙarƙashin fitilar tashar. Ya yi baƙi ƙirin, sai wuri ɗaya a cikin ninkin da ya rage ja, da ɗan maɓallin da ita kanta ta ɗinka.